Giya ta uku tana ƙare min kafin kwana: wane farantin sarƙa zan sa?

Tambayar da aka aiko: "Ina da babur mai ƙafa huɗu, Yamaha YFZ450R. Muna tsere da abokai a wani fili mai jar ƙasa, da kwanoni da tudun tsalle biyu. Na cire tayoyin baya masu inci 20 na sa masu inci 18. Tun daga nan giya ta uku take ƙarewa kafin in kai babbar kwana, inji ya riƙa tari, in na sa ta huɗu kuma ko numfashi ban yi ba sai birki. Wani ya ce in sa ƙaramin faranti mai haƙora 13 don in riƙa fizga a tashi, wani ya ce 15. Wanne zan sa, kuma a juyi nawa ya kamata in riƙa canza giya?"

Ƙanena, ai ka riga ka canza giyar babur ɗinka, ba ka dai sani ba. Ranar da ka ɗaura inci 18 a maimakon inci 20, ka rage tazarar da babur ke ci a kowane juyin taya da kashi 10 cikin 100. Taya mai inci 20 in ta juya sau ɗaya tana cin kusan mita 1.60 na ƙasa, mai inci 18 kuwa kusan mita 1.44. Wannan ragin ya fi wanda za ka samu in ka cire haƙori ɗaya daga farantin gaba. Wanda ya ce ka ƙara sa mai haƙora 13 a kan haka, gyaran gangar Auzinawa yake so ya yi maka. Za ka tashi da babur da ya gajarce da wajen kashi 16 cikin 100 a kan yadda kamfani ya fito da shi, giya ta uku da kake kuka da ita ta ƙara ƙarewa da wuri, ƙafarka ta hagu ba hutu, tayoyin baya kuma su yi ta tonon ƙasa a wurin tashi alhali abokanka sun wuce.

In gajeriyar amsa kake so: gwada faranti mai haƙora 15 a gaba, ka bar na baya mai haƙora 38 yadda yake. Amma kada ka je kasuwa tukuna, domin akwai yanayin da 15 ɗin ba zai yi maka maganin komai ba, kuma tafiyar ƙafa a filin ce za ta nuna maka.

Bari mu fara da lissafin, ba shi da wuya. Babur ɗinka yana fitowa da haƙora 14 a ƙaramin farantin da ke bakin inji, wanda makanikai ke kira sufuroket, da 38 a babban farantin da ke kan sandar ƙafafun baya. Raba 38 da 14, ka sami 2.71. Ma'ana sai ƙaramin ya juya sau 2.71 kafin tayoyi su juya sau ɗaya. In adadin ya hau, babur ya ƙara ƙarfin fizga ya rage gudu. In ya sauka, giya ta yi tsawo. Da 15 da 38 adadin 2.53 ne, da 13 da 38 kuwa 2.92. Haƙori ɗaya na gaba yana motsa abin da kusan kashi 7 cikin 100, na baya kuma bai kai kashi 3 ba, shi ya sa ake cewa ɗaya na gaba a bakin uku na baya yake. Da na gaba ake babban tsalle, da na baya ake daidaitawa.

A cikin akwatin giyar YFZ450R, ta ɗaya 2.500 ce, ta biyu 2.000, ta uku 1.632, ta huɗu 1.333, ta biyar 1.095, sannan akwai ragin farko tsakanin inji da kuloci, 2.652. In ka haɗa su duka da tayarka mai inci 18, ka ɗauka inji na juyi 10,000 a minti, giya ta biyu za ta kai ka wajen kilomita 60 a awa, ta uku 73, ta huɗu 90, ta biyar 109. Da tsohuwar tayarka, giya ta uku tana kaiwa 81. Ka ga inda kilomita takwas suka zube, su ne tarin da inji ke yi maka kafin kwana. Ba ciwo ba ne, kwamfutar babur ce ke yanke masa wuta don kada ya wuce iyakarsa. In ka sa 15, ta uku za ta koma kusan 79, ta huɗu 96.

Kafin ka yarda da waɗannan lambobin a kan babur ɗinka, ka auna tayar da kanka. Rubutun da ke jikin taya suna ne kawai. Na sha ganin tayoyi biyu daga kamfanoni daban, duk an rubuta 18, amma in ka jera su ɗaya ta ɗara ɗaya da kaurin yatsa. Ka sa iskar da kake tsere da ita, ka hau babur da kayanka, wani ya ja layi da alli a jikin taya da kuma ƙasa daidai inda suka haɗu, a tura ka har layin ya sake dawowa ƙasa, a auna tsakanin alamun biyu da tef. Ka yi wa ta hagu da ta dama dabam-dabam. Babur ɗin nan sanda ɗaya ce ta haɗa tayoyin baya, tare suke juyawa ko sun so ko sun ƙi, saboda haka in ɗaya ta fi ɗaya girma, babur zai riƙa janka gefe duk lokacin da ka danna totur, kai kuma ka yi ta zargin kan babur.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Farantin sarƙa ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan, kuma ba ya canza juyin da ya kamata ka sa giya a kansa. Abin da yake canzawa shi ne wurin da canjin giyar zai same ka a cikin fili. Aikinka shi ne ka matsar da canjin daga mugun wuri zuwa wurin da ba ya cin lokaci. Mugayen wurare uku ne a kowane fili: dab da inda za ka taka birki, tsakiyar kwana lokacin da baya ke zamewa, da kuma kan gangaren tudun tsalle.

To, ka ajiye babur ka taka filin da ƙafa. Ka sa abokinka ya tsaya a gefen miƙaƙƙiyar hanyar nan da ke kaiwa babbar kwana, ka wuce sau uku ko huɗu a giya ta uku ba tare da ka canza ba, ya ajiye dutse a inda ya ji inji ya fara tari, ya ajiye wani a inda ka saki totur ka kama birki. Sai ku auna tsakani. In tazarar ba ta wuce taku biyar ko shida ba, ni ba zan taɓa komai ba. Barin inji ya yi tari na ƙiftawar ido ya fi sauƙi a kan ka hau ta huɗu ka sake sauko, don canji biyu ke nan ka saya a inda ba ka buƙatar ko ɗaya. In tazarar ta kai mita 10 zuwa 15, nan ne 15 zai yi maka aiki, domin a ƙiyasina ƙarin kilomita biyar zuwa shida da zai ba giya ta uku zai ɗauke ka kusan wannan nisan. In kuwa mita 30 ne ko 40, to 15 ba zai kai ka ba, zai dai matsar da matsalar gaba kaɗan, ya ajiye maka canjin a daidai bakin birki, wanda ya fi na yanzu muni. A nan sai ka juya tunanin. Ka bar 14, ko ma ka ƙara haƙori ɗaya ko biyu a baya, 39 ko 40, ta yadda za ka shiga ta huɗu da wuri ta yi aiki sosai kafin birki, sannan ka riƙa cin kwanar da ta gabata a giya ta uku maimakon ta biyu. Da 14 da 40, in kana tsakiyar kwana a kilomita 35 a awa, ta uku za ta riƙe inji a wajen juyi 5,000. Ɗan taɓa kuloci da yatsa ɗaya ya isa ya farkar da shi.

Wannan dabarar ta cin kwana da giya ta sama mutane da yawa ba sa yarda da ita sai sun gani, saboda kunne yana yaudara. A giya ta biyu inji na ihu, ƙasa na tashi, 'yan kallo na tafi, kai ma ka ji kamar ka fi kowa. Amma a busasshiyar jar ƙasa mai tauri, wadda samanta ke da ɗan gari kamar an barbaɗa, ihun nan yawanci taya ce ke juyawa a banza. Giya ta sama tana rage ƙarfin da ke isa taya, sai ta kama ƙasa ta tura ka gaba. Agogo ne kawai zai raba gardamar, kuma sau da yawa zagayen da ka ji kamar ba ka yi gudu ba shi ne ya fi sauri.

Sai batun juyi nawa. In ka canza daga wata giya zuwa ta sama, juyin inji yana faɗuwa da gwargwadon tazarar da ke tsakanin giyoyin biyu, kuma wannan a cikin akwatin giya yake, ba ruwansa da faranti ko taya. A babur ɗinka, daga ta ɗaya zuwa ta biyu inji na komawa kashi 80 cikin 100 na juyinsa, sauran ukun kuma kusan kashi 82. In ka canza a 10,000, za ka sauka tsakanin 8,000 da 8,200. Giyoyin a matse suke da juna, don tsere aka yi su. Kwatanta da Raptor 700 na kamfanin ɗaya, mai inji 686cc: daga ta ɗaya zuwa ta biyu yana faɗowa zuwa kashi 68, daga ta biyu zuwa ta uku wajen 74. Shi ba ya damuwa, domin babban inji ne mai ƙarfi tun daga ƙasa, shi ya sa ya daɗe yana mamaye rukunin babura masu ƙafa huɗu a tseren Dakar kafin a cire rukunin daga 2025. In mai Raptor ya ba ka shawarar lokacin canza giya, ka yi masa godiya ka bar masa abarsa. Injinku ba halinsu ɗaya ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a canza giya daidai inda inji ya kai ƙololuwar ƙarfinsa. Da ji kamar hankali ne, amma ka duba inda za ka sauka. A ce, don misali kawai, injinka yana kai ƙololuwa a juyi 9,000. In ka canza a nan, sabuwar giya za ta karɓe ka a wajen 7,350, can ƙasan tudu, sai ka sake hawowa. In ka bari ya wuce ƙololuwar zuwa 9,900, ƙarfin ya ɗan ragu, gaskiya ne, amma za ka sauka a wajen 8,100, kusa da inda naman yake. Wurin da ya dace shi ne inda ƙarfin da kake bari a tsohuwar giya ya yi daidai da wanda za ka tarar a sabuwar. Ƙololuwar ta zauna a tsakiyar zangon da kake aiki da shi, kana shigowa ta ƙasanta kana fita ta samanta. A injunan 450 irin naka wannan wurin yakan faɗo tsakanin ƙololuwa da inda kwamfuta ke yanke wuta, kuma yana matsawa in ka canza salansa ko aka taɓa kwamfutar.

In akwai na'urar gwajin ƙarfin inji a kusa da kai, takardar da za ta fitar ta gama magana: ka nemi wurare biyu a kan zanen ƙarfin injin, juyin ɗaya kashi 82 cikin 100 na juyin ɗayan, masu tsawo iri ɗaya. In babu, fili da agogo sun isa. Ka nemi miƙaƙƙiyar hanya, ka sa alama biyu kamar mita 100 tsakani. Ka shigo alamar farko a giya ta biyu da gudu iri ɗaya kowane karo, ka danna totur har ƙarshe. Karo uku ka canza da wuri, da zarar inji ya fara waƙa. Karo uku ka canza lokacin da ka ji jan da yake yi wa hannuwanka ya fara laushi. Karo uku ka kai shi dab da tari. Mutum ɗaya ya riƙe agogon daga farko har ƙarshe, a rubuta a takarda, a ɗauki matsakaici. Babur ɗin ba ya zuwa da agogon juyin inji, kuma ko ka ɗaura masa ba mai kallon agogo a tsakiyar tsere. Abin da kake koya wa kanka shi ne sautin, har ƙafarka ta riƙa motsi da kanta in kunne ya ji shi.

Wannan duk na inda taya ta kama ƙasa ne. Inda take zamewa, kamar fitowa daga kwana mai tauri ko bayan an yayyafa ruwa a laka, canza da wuri ya fi. A yashi mai zurfi kuwa akasin haka: yashi yana shanye gudu a cikin ɗan lokacin da ka saki totur, don haka ka ja kowace giya har ƙarshenta, in ba haka ba sabuwar giyar ta karɓe ka inji ya nutse. Idan filinku rabi yashi ne, wannan ma dalili ne na kada ka tsawaita giya da yawa.

Tudun tsalle ba a wasa da shi. Ka zaɓi giyar da za ka hau da ita tun kafin ka iso gindinsa, ka riƙe totur daidai har tayoyi su bar ƙasa. In inji ya yi tari a kan gangaren, ko ka saki totur don canza giya, kan babur zai nutsa a sama, kuma mai ƙafa huɗu in ya kifa ba ya barin mahayinsa ya tafi shi kaɗai, biyo shi yake yi. Saboda haka duk farantin da ka sa, ka fara duba a wace giya da wane juyi kake isa tudun nan biyu kafin ka duba komai. Gwanaye sukan canza giya suna sama, tunda a nan taya ba ta aikin komai, amma wannan sai hannu ya faɗa.

Game da tashi da ya sa abokinka ya kawo maganar 13: masu tseren irin wannan babur da yawa da giya ta biyu suke tashi, ba ta ɗaya ba, musamman da ƙananan tayoyi. Ka ɗaga juyin inji, ka kwanto da ƙirjinka gaba, ka saki kuloci a hankali cikin taku na farko maimakon ka wancakalar da shi. Ka tsira daga canji ɗaya a lokacin da kowa ke cunkushe yana neman kwanar farko. Ka gwada da 14 ɗin da kake da shi yanzu. In ka koma 15 ka ji ta biyu tana yi wa inji nauyi a tashi har kuloci na wari, wannan shi ne kuɗin da 15 ke karɓa, sai ka auna ko ribar da yake ba ka a kowane zagaye ta biya. In ba ta biya ba, akwai tsaka-tsaki: 14 da 36 yana ba da 2.57, 14 da 37 kuma 2.64, 15 da 40 yana ba da 2.67.

Wajen ɗaurawa akwai abubuwan da suka taɓa cizona. Kowane haƙori da ka ƙara, gaba ko baya, yana jawo sandar baya gaba da kusan milimita 4, don haka haƙori ɗaya ko biyu wurin daidaita sarƙa zai shanye, fiye da haka sai ka ƙara ko ka rage tsawon sarƙar. Lambarta 520, kada a sayar maka da ta ƙananan baburan haya. Babban faranti a baya yana matsowa kusa da ƙasa: mai haƙora 38 faɗinsa kusan santimita 19, mai 40 ya haura 20 kaɗan, kuma tayarka ta riga ta sauke ka da santimita biyu da rabi. A fili mai kwazazzabai ko duwatsu wannan abin lura ne. Ƙaramin faranti irin 13 kuma yana lanƙwasa sarƙa da yawa, yana sa ta goga robar da ke kan hannun baya, wato ƙarfen da ke riƙe da sandar tayoyin baya, duka biyun su ci da wuri. Kada ka ɗaura sabon faranti a kan tsohuwar sarƙar da ta miƙe, za ta cinye masa haƙora su koma kamar ƙugiya.

Na ƙarshen shi ne wanda na biya kuɗinsa da aljihuna. Akwai ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da ke zagaye farantin gaba, aikinsa ya tare sarƙa in ta tsinke kada ta daki jikin inji. Wata rana na sa wa wani babur 15, ƙarfen ya ƙi zama saboda farantin ya yi masa girma, ana jira na, sai na jefa shi cikin akwatin sifanu na ce gobe na nemo wanda ya dace. Goben ba ta zo ba. Bayan 'yan makonni mahaɗin sarƙar ya fita a tsakiyar gudu, ta naɗe a gaban farantin ta fasa jikin inji, baƙin mai ya malale a ƙasa. Na je na tarar da ƙarfen yana nan kwance a akwatina inda na bar shi. In naka bai zauna da 15 ba, ka goge shi da zarto ko ka nemo wanda aka yi don 15, amma kada babur ya fita babu shi. Ka lanƙwasa wanshar da ke kulle notin farantin, ka kuma juya bakin maƙullin mahaɗin sarƙa ya kalli baya, ɓangarensa rufaffe yana fuskantar inda sarƙa ke tafiya.

Abu biyu za su iya ɓata maka gwajin gaba ɗaya. Na farko matatar iska. A lokacin hunturu ƙura takan toshe ta cikin yini ɗaya, inji ya kasa jan dogon numfashi a sama, kai kuma ka ɗauka giya ce ta yi tsawo. Ka wanke ta ka shafa mata mainta kafin kowane gwaji. Na biyu iskar wurin. Inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300 da ka hau sama, zafin rana ma yana rage masa. Wanda ya daidaita babur ɗinsa a ƙasa-ƙasa ya kai shi tudun Jos, mai tsawon wajen mita 1,200, zai ji giyar da ta yi masa daidai ta koma nauyi. Kwamfutar YFZ450R tana gyara yawan man da take fesawa, amma ba za ta ƙirƙiro iskar da babu ba.

Ka duba tsayin sandar giya ma. In kana sa takalmin tsere mai kauri kuma sai ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya kafin ka sa giya, ka kwance ta ka matsar da ita haƙori ɗaya a kan sandarta. Giyar da ke kuɓucewa tsakanin ta biyu da ta uku sau da yawa daga nan take, ba daga cikin inji ba. Hawa giya ba tare da kuloci ba yana yiwuwa in ka ɗan sassauta babban yatsanka a kan totur daidai lokacin da ka ɗaga, amma in kana tilasta mata da ƙarfin ƙafa alhali totur na danne, ƙarafan da ke tura giyoyin a ciki za su lanƙwashe, kuma gyaransu sai an raba inji biyu. Wajen saukowa, in naka ƙirar 2014 ne ko bayanta, yana da kulocin da ke ɗan zamewa da kansa don kada tayoyin baya su yi tsalle in ka sauke giya da gudu. In ya girmi haka, ka saki kulocin a hankali.

Ranar gwaji ka tafi da farantin 14 da na 15 duka, da takarda da biro. Zagaye biyar da wannan, a rubuta lokaci da yawan canjin giyar da ka yi a kowane zagaye, ka canza, zagaye biyar da wancan, sannan ka sake komawa na farko ka ƙara biyar, domin fili yana canzawa da rana kuma kai ma hannunka yana ƙara sabawa. Kada ka taɓa iskar taya ko wani abu a tsakani. In lokutan sun zo kusan ɗaya, ka ɗauki wanda ya rage maka yawan canji, don a zagaye na goma, lokacin da damatsanka suka ƙage, shi za ka iya riƙewa. Ka aiko min da tazarar duwatsun nan biyu da awon tayarka na alli, sai in faɗa maka ko 38 ɗin baya ma yana son a taɓa shi.